WANDA YA ZARE SAKATA

Shafi na 19

Masu turo min saƙo kuna cewa Hamsatu ta cika taurin zuciya, mijinta kuwa bawan Allah ne mai haƙuri, duk na gani. Ban ba ku amsa ba ne saboda na san abin da ke cikin shafin yau. Ku samu wuri ku zauna tukuna.

*

Zama na huɗu ke nan a ɗakin Malama Rukayya, amma har yau tsakanin Hamsatu da mijinta Isiyaku akwai filin da mutum biyu za su zauna a kan tabarmar su miƙe ƙafa.

Malama Rukayya ta ga tazarar, ta yi kamar ba ta gani ba. Shekara talatin ta yi tana aikin nas kafin ta ajiye, ta koma sauraron ma'auratan da zama ya cije musu, a wannan ɗaki na ƙungiyar mata da ke Jega Magaji. Bashar, yayan Hamsatu, shi ya ji labarin Malamar, ya taso tun daga Maiyama ya roƙi Isiyaku su gwada. Malamai sun yi nasiha, iyaye sun yi faɗa, an sha rubutu har an gaji, babu abin da ya motsa.

"Aikin da na ba ku wancan makon fa?" in ji Malama Rukayya. "Cin abinci a kwano ɗaya, ko sau ɗaya."

Isiyaku ya sunkuyar da kai.

"Ta zuba muna," ya ce. "Na zamna. Ita ma ta zamna. Loma biyu tay yi, tat tashi."

"Hamsatu, me ya tashe ki?"

"Hannunai yat taɓa nau cikin kwanon."

Haka ta faɗa, babu kwana-kwana. Ta gaji da neman kalmomi masu taushi. Shekara uku da wata biyu ke nan in jikinsa ya kusanci nata sai ta ji kowace gaɓa tata ta sandare, kamar an watsa mata ruwan randa. Ba wai ta tsane shi ba ne. Da tsana ce ma da ta fi sauƙi, da ta san abin da za ta gaya wa mutane.

"Da ya taɓa ki, me ya fara zuwa ranki?"

Hamsatu ta zuba wa fankar da ke juyi a sama ido.

"Ba sai kin yi sauri ba," in ji Malama. "Isiyaku, kai kuma ka tuna dokarmu. In tana magana ba ka katse ta."

"Bushira," Hamsatu ta ce.

Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta a ɗakin nan. Zama uku suka yi suna cewa "abin da ya faru", suna cewa "rashin da munka yi". Isiyaku ya ɗan motsa kamar an tsikare shi da allura.

"Ba ni labarin ranar," in ji Malama Rukayya. "Ba yadda mutanen garinku Jiga Birni ke faɗa ba. Yadda ke kika gan ta."

Hamsatu ta jawo hijabinta ta rufe yatsun ƙafarta.

"Lokacin ban-ruwan albasa na. Masassara gare ni, kwana biyu. Bayan azahar na ba ta hura tas sha, nic ce zo mu kwanta. Shekararta uku ba ta cika ba. Gidanmu ƙohwa biyu garai, ta zaure da ta baya. Ta zaure sai ka ratsa sashen Inna, uwatai. Ta baya kuwa tana sashenmu, ita ka kallon hwadama."

"Na gane."

"Ta bayan nan akwai sakata sama, nan inda hannun yaro bai kaiwa. Kullum kahin in kwanta sai na sa ta. Kullum, Malama."

Ta gyara zama.

"Na kwanta, tana nan jikina tana wasa da ɗan kunnena. Kwana yaɗ ɗauke ni. Abin da yat tashe ni kururuwa ta. Na diba, babu ta. Ƙohwa buɗe. Na hita ba kallabi, ba takalmi. Ko da nis isa, an riga an hiddo ta daga rijiyar ban-ruwa, an shimhiɗe ta bisa buhu. Rigarta mai ruwan ɗorawa ta liƙe mata ga jiki. Takalminta guda na ƙahwarta."

Babu hawaye a idonta. Ta daɗe da ƙarar da su.

"Ranan na rantse na sa sakata. Na rantse gaban kowa. Inna tac ce, to aljani yaz zare ta? Anka yi shiru. Bayan sadakar bakwai na koma cewa ina jin na sa. Bayan arba'in na koma cewa ƙila ban sa ba. Yanzu kam na san ban sa ba. Masassara ta ruɗe ni, na manta."

"Wa ya tabbatar miki kin manta?"

"To wa za ya zare ta?"

Malama Rukayya ta yi ɗan rubutu a littafinta. Isiyaku na zaune, hularsa a hannu, yana murza bakinta da babban yatsa.

"Kin san sunana Jiga Birni?" Hamsatu ta ci gaba, wani guntun murmushi mai ɗaci a bakinta. "Mai-kwana. In na shiga gidan suna, sai ki ga mace ta jawo ɗanta ta aza bisa cinya. Matar ƙanenai ba ta barin ɗiyanta su shigo sashena. Ran nan na ɗora tukunya na jingina da bango, kaina ka ciwo, Inna taz zaka wucewa tac ce, a dai yi a hankali, kar a wayi gari tuwon ma ya hwaɗa rijiya."

"Kin gaya wa mijinki?"

"Shina tsaye."

Malama ta juya ta dube shi. Bai ɗago ba.

"Me ya ce?"

"Cewa yay yi in yi hanƙuri, tsuhwa na." Ta ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Shi kam mai hanƙuri na, kowa ya shaida. Bai taɓa ɗaga min murya ba. Bai taɓa ce min ke kinka kashe ta ba. In ya kai albasa kasuwar Aliero sai ya sawo min atamhwa, ya sawo min kilishi. Mutane na cewa wane miji na wanga, an kashe mai ɗiya shina sawo atamhwa. Ni kuwa duk atamhwar da yak kawo, sai in ji kamar ya aza min dutsi bisa ƙirji. Da zagina yay yi da ya hi min. Da ya buge ni sau guda, da na san na biya wani abu."

Daga waje ana jin ƙarar babura da mai tallan ruwan sanyi.

"Akwai sauran magana," in ji Hamsatu. "Tunda an ce a hwaɗi gaskiya."

Ta tura hannun hijabinta sama har damtse. Ta danna wani wuri a cikin damtsenta na hagu, wani ɗan abu siriri kamar tsinken ashana ya taso ƙarƙashin fata.

Malama Rukayya ta gane shi nan take. Ta sha saka wa mata irinsa da hannunta.

"Na tsarin iyali ne. Yaushe?"

"Wata huɗu bayan rasuwar. Nic ce za ni Maiyama ganin gida, nib bi asibiti anka sa min." Ta juya, karon farko tun shigowarsu, ta dubi mijinta. "Ka ji. Ba ka taɓa ni ba ma, amma na ji tsoro kar wata rana zuciyata ta yi laushi. Inna na ta kai ni wurin masu magani, ana ba ni sassaƙe ina sha, ni kuwa na san abin da ag ga hannuna. Ba ni ƙara haihuwa, Malam. Macen da ka kwana ɗiyarta na mutuwa ba a ba ta wata. In za ka sake ni kan wagga magana, ka sake ni, ban ga laihinka ba."

Ta saki hannun hijabin ya sauka. Ta ji wani irin sauƙi, irin na wanda ya yi amai bayan dogon tashin zuciya. Ta zauna tana jiran hukunci. Ta ma shirya inda za ta samu motar Maiyama.



Kafaɗun Isiyaku ne suka fara rawa. Hular ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi kan tabarma. Ƙaton mutum, wanda ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai ya ɗora a kan mota, ya dunƙule kamar mai ciwon ciki.

"Isiyaku," in ji Malama Rukayya a hankali. "Yanzu lokacinka ne."

"Kin sa," ya ce. Muryar ba ta fita sosai ba.

"Ɗaga murya, ba ta ji ka ba."

"Kin sa sakata, Hamsatu."

Ta dube shi. Ba ta fahimta ba. Ta zaci irin lallashin nan ne nasa.

"Bari," ta ce. "Ba sai ka sanyaya min rai da ƙarya ba."

"Ba ƙarya ba ta. Kin sa ta. Na ishe ta sanye." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ni niz zare ta."

Fankar na ta juyi. Hamsatu ta ji ƙararta ta yi nisa, kamar daga wani gida take.

"Tiyon injin ban-ruwa yap pashe," ya ce, yana magana da tabarma. "Nit taho gida ɗaukar wani. Na shigo ta zaure. Na leƙa ɗaki, kina kwana, jikinki na ta zuhwa, ita ma idonta ruhe. Ban so in tashe ki ba. Niɗ ɗauki tiyo, nig ga zagayawa ta zaure nisa, injin na can na ci ba kowa. Niz zare sakata nih hita ta baya. Na jawo ƙohwar. Wallahi na jawo ta. Amma daga waje ba a sa sakata."

"Ci gaba," in ji Malama, don ta ga yana neman tsayawa.

"Na kusa rabin hanya nij ji, Baba, Baba. Na waiwaya, ga ta nan tana biyo ni, takalminta ma bai-bai ta sa su."

Hamsatu ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Ka gan ta."

"Na gan ta."

"Da ranta."

"Da ranta." Ya ja numfashi da ƙyar. "Tac ce in ɗauke ta. Tiyo na kahwaɗata. Ruwa na ta ɓarna can, ina hango shi shina cin kunyoyin albasa. Nic ce mata, koma gida wurin Umma, yanzu ina zuwa, in kawo miki rake. Ta tsaya tana kallona. Nid daka mata tsawa. Nic ce koma nic ce. Taj juya tana kuka. Na tsaya har ta yi 'yan taku, nig ga ta kama hanya, nit tahi."

Ya sake goge fuska.

"Rijiyar ban-ruwan Gidaɗo, maƙwabcin gonata, na gehen hanyar. Na san da ita. Kullum ta nan nika bi."

Malama Rukayya ta rufe littafinta a hankali ta ajiye biro a kai.

Abin mamaki, ba Bushira ce ta fara zuwa ran Hamsatu ba. Kanta ta gani, durƙushe a tsakar gida ranar rasuwar, ba kallabi, tana rantsuwa da Allah ta sa sakata, mata sun kewaye ta suna kallon juna. Ta tuna inda Isiyaku yake tsaye a lokacin. Jikin turken awaki, hannunsa a baya. Ta tuna ta dube shi tana neman ya ce wani abu, ko da "matata ba ta ƙarya" ne. Ya kau da kai. A lokacin ta ɗauka baƙin ciki ne ya hana shi kallonta.

"Shekara uku," ta ce. Muryarta a daidaice, har ta ba ta tsoro ita kanta.

"Na so in hwaɗa miki."

"Yaushe?"

"Ranar. Da gobe tai. Kullum. In na buɗe baki sai in ga..."

"Sai ka sawo atamhwa."

"Hamsatu."

"A'a, bari in gane. Ashe kuɗin bakina na kaka biya. Ni ina sawa ina jin kunyarka, ina cewa wanga bawan Allah mi niy yi da nic cancanci alherinai." Ta gyaɗa kai. "Ran da Inna tac ce kar tuwo ya hwaɗa rijiya, kana tsaye. Ka san wa yaz zare sakata, kac ce in yi hanƙuri."

"Tsoro nij ji."

"Tsoron mi? A ce maka mi? Ni an ce min, ga ni ban mutu ba."

Ya kai hannu kamar zai kama gefen hijabinta. Ba ta ja da baya ba, kallon hannun kawai ta yi har ya mayar da shi da kansa.

"Ka san rabona da in kwanta da rana?" ta ce. "Tun ranan. Ko ciwo nika yi, zamne nika yin shi. In idona ya fara ruhewa sai in tsunkuli cinyata. Dut tabo na. Ba ka gani ba don ban bari ka gani ba. Na hana kaina ɗiya, na je an tsaga min hannu. Na roƙi Allah gahwara bisa sallaya kan laihin da ba ni niy yi ba, kana jina ta bango."

"Ki yahe min."

"Ban kai nan ba tukuna. Ban ma gama jin abin da kac ce ba."

Malama Rukayya ta matso kaɗan, ta zauna daidai tsakaninsu.

"Ku saurare ni duka. Isiyaku, abin da ka faɗa yau yana da nauyi, kuma gara da ka faɗa. Amma kada ka nemi yafiya yau, ba ka da hurumin sa mata lokaci. Hamsatu, babu wanda zai ce ki yanke komai a ɗakin nan. In kina son kwana biyu a Maiyama, ni da kaina zan kira Bashar. Mutuwar yarinyar nan kuskure ne, kuskuren da kowane mahaifi zai iya yi. Shirun da ya biyo baya shi ne abin da za mu zauna a kansa, in kin yarda a ci gaba da zaman."

Hamsatu ba ta nuna ta ji ba. Wani abu ne ke juyawa a kanta, yana neman wurin zama.

"Ta zaure kas shigo," ta ce a hankali.

Ya ɗago.

"Kac ce ta zaure kas shigo. Mai shigowa ta zaure sai ya ratsa sashen Inna. Bayan azahar kullum tana bakin ƙohwarta tana gyaran wake." Ta tsare shi da ido. "Wa kuma yas sani?"

"Hamsatu, wagga magana ni niy yi laihi, ni kaɗai."

"Ba shi nit tambaye ka ba."

"Ki bar shi haka nan, don Allah."

"Wa yas sani, Isiyaku?"

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa gatsau ba. Zufa ta keto masa a goshi.

Wayarsa da ke ajiye kan tabarma kusa da makullin babur ta hau ruri. Su ukun duka suka kalle ta. Sunan da ke kan gilashin da manyan baƙaƙe yake, ko daga inda Malama take ana karantawa.

INNA.

Ya kai hannu. Hamsatu ta riga shi.

Ta danna, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji, ta ajiye wayar a tafin hannunta. Ba ta yi sallama ba.

"Isiyaku?" Muryar tsohuwar ta cika ɗakin, da kukan awaki a bayanta. "Har yanzu kuna wurin matar nan? Tun sahe gabana ka hwaɗuwa. Irin su da daɗin baki sukan jawo magana daga cikin mutum. Ka dai tuna abin da nig gaya maka ran da anka kai yarinyar nan. Ita mace ta, an riga an aza mata, ta saba. Kai namiji na, da idon da za ka shiga masallaci. Ka kama bakinka. Kana jina?"

Isiyaku ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

"Isiyaku? Mi ya sa kay yi shiru?"

Hamsatu ta ɗaga wayar ta kawo ta dab da bakinta.

"Inna, ina wuni," ta ce. "Mai-kwana ta. Ci gaba, ina jin ki."